Lauya da Ɗakunan da Aka Yi wa Ƙazafi

Ina cikin shirya baƙar maganar da zan yaɓa wa maƙwabcina Lauya ne wayata ta yi ƙara. Safiyar Talata ce, goma saura kwata. Ina zaune a shagona ba abin da nake yi, injin ɗinkin kwalliyata na tsaye a gefe, an buɗe masa ciki an zare fanel ɗinsa, wato koren allon nan mai tarin ƙananan na'urori da ke ba inji umarni. Kwana goma ke nan fanel ɗin yana kan teburin Lauya, zanukana ɗari uku da arba'in suna kulle a cikinsa, ga shi yau ko shago bai zo ya buɗe ba. Na tsara maganar tsaf. Zan ce masa ko kotun ƙoli ba ta jan shari'a haka. Har na yi dariya ni kaɗai, don na san amsar da zai ba ni za ta fi tawa zafi.

Sunan matarsa na gani a wayar. Na ɗauka da wasa kamar kullum.

"Ranki ya daɗe, Alƙali. Ina mutumin naki? Ki ce masa ina nan na kafa kujera a ƙofarsa."

"Mai Zare," ta ce. Ina jin ƙarar fankarsu ta falo, wadda shekara huɗu yana cewa gobe zai duba ta. "Mai Zare, abokinka ya rasu. Ya sa takalmi, ya ɗora jakarsa a cinya, ya ce bari ya ɗan zauna. Ko shayinsa bai huce ba."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Amma ai jiya muna tare." Kamar wannan zai hana wani abu.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, rubutu ma ba sana'ata ba ce. Amma shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanina da mutumin nan, kuma ban yarda a ce ya wuce ba wanda ya faɗi irin mutumin da yake ba.

Bai taɓa taka kotu ba, ko don kallo. Mai gyaran fanel ne. Babansa sikeli yake gyarawa a kasuwa, shi ne auta a cikin su biyar. Da ya gama sakandare aka kai shi wurin kawunsa ya koyi rediyo, daga nan talabijin, daga nan wayar hannu. Waya ce kaɗai ya gudu ya bari. Ya ce ba zai iya da mutumin da zai miƙo maka waya sannan ya tsaya a kanka yana numfashi a wuyanka ba. Sai ya koma wa injinan da ba su da baki: sikelin zamani, famfon gidan mai, na'urar da ke kula da wutar sola, injin buga rasit. Duk abin da ke da ɗan koren allo a ciki, in ya rikice, ƙofarsa ake nema.

Haɗuwarmu da faɗa ta so ta fara. Satin da na kama shago kusa da nasa, tsohon injina in ya ɗauki gudu har bango rawa yake. Ran nan sai ga wani dogo siriri a ƙofata, tabarau ɗaure da waya a kunne ɗaya.

"Malam, kai ne kake koya wa notunana rawa? Tun safe uku sun sauka daga tebur da ƙafarsu."

Na miƙe na fara ɗaure fuska, sai na ga hannunsa riƙe da yankan tsohuwar taya guda huɗu. Ya ce in ɗaga injin. Ya cusa su ƙarƙashin ƙafafun, ya dafa bango ya saurara, ya ce, "Yanzu mun zama maƙwabta." Ya tafi. Washegari na aika masa da shayi. Ya aiko da kofin da saƙon cewa sukari ya yi yawa. Tun daga ranar ba mu rabu ba.

Duk rigar da ya mallaka tana da ƙuna a gaba. Dalma ce, in yana liƙi da ƙarfe mai zafi sai ta ɗigo masa a ƙirji ko a ciki. Matarsa, wadda shi ya fara kiranta Alƙali don ya ce a gida ba a ɗaukaka ƙara, ta gaji ta ce ba za ta ƙara fita da shi ba yana kama da wanda ya tsira daga gobara. Sai na zana ɗan ƙaramin ganye kore, kamar farcen babban yatsa, na riƙa rufe masa ramukan da shi. Da na sayi sabon inji shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ganyen nan na fara sa masa. Shi ne zane lamba ɗaya. Akwai rigarsa shuɗiya da ta kai ganye goma sha bakwai. Alƙali ta ce saura kaɗan tsuntsaye su fara sauka a kansa.

Sunan Lauya kuwa mu muka sa masa a layinmu, kuma saboda memori ne. Memori shi ne ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa da ke manne a jikin fanel, inda inji ke ajiye duk abin da ya sani. Masu gyara suna cewa an kasa cikinsa bulok-bulok. Shi ɗaki yake cewa.

"Ka ɗauka babban gida ne mai ɗaki dubu da ashirin da huɗu," haka ya taɓa yi mini bayani yana tauna gyaɗa. "Tun ranar da aka gina shi akwai ɗaki uku ko huɗu da ke yoyo. Kamfani ya sani, sai ya sa musu alama a ƙofa, kada a ajiye kaya a ciki. In gida ya tsufa wasu ɗakunan su ma su fara yoyo, inji da kansa ya sa musu alama ya rufe. Wannan ba matsala ba ce, haka aka yi su. Matsalar ita ce ba duk ɗakin da aka sa wa alama ne ke yoyo ba. Wani ƙazafi aka yi masa."

Ɗakunan da aka yi wa ƙazafi su yake karewa. Wani mai gyara in ya ga inji na ihun ɗakuna sun mutu, sai ya share memorin gaba ɗaya ya zuba masa sabon tsari, abin da suke kira filashin. Inji ya tashi, kowa ya yi murna, amma duk abin da mai shi ya ajiye a ciki ya tafi. Lauya kuwa cewa yake ba a yanke wa memori hukunci sai an ji ta bakinsa.

Da wuya ya koyi wannan. Yana sabon shiga harkar aka kawo masa sikelin wani gidan biredi. Ya share shi tas, har da alamomin da kamfani ya sa, yana ganin ya yi tsafta. Sikeli ya yi sati uku lafiya lau. Ana nan ya ajiye lissafin awonsa a ɗaya daga ɗakunan nan masu yoyo, tunda ba alamar da za ta hana shi, sai ya fara ƙarya. A zuba fulawa kilo goma ya ce bakwai. Kwana biyu biredi na fitowa kamar bulo kafin a gane. Mai gidan biredin bai yi faɗa ba. Zuwa ya yi da guda ɗaya, ya ajiye masa a tebur, ya ce, "Ci." Lauya ya rantse mini shekara biyu yana tokare ƙofa da biredin nan. Ban yarda ba, amma ban taɓa kama shi da ƙarya a wani abu ba.

Daga ranar ya ɗauki ɗabi'a biyu. Duk aikin da ya shigo sai ya buɗe masa shafi a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Sannan ya yanki farin tef ya manna a jikin fanel ɗin, ya rubuta sunan mai shi, in kuma akwai abin da ba a so ya ɓata a ciki ya ƙara da manyan baƙi: KADA A SHARE.

Shagon da ke kallon nasa na wani mai gyara ne da muke kira Nan-take. Lauya ya girme shi da wajen shekara goma sha biyu. Nan-take hannunsa na da kyau, ba a raina shi, sai dai zama ne ba ya iyawa. Minti ashirin ne ma'auninsa a komai. Kullum suna cikin tsiya.

"Tsoho, har yanzu shari'ar famfon nan ake? Na ga mai shi ya fara furfura a ƙofarka."

"Je ka ka share, mai tsintsiya. Ranar da kanka ya yi ciwo, Allah ya haɗa ka da likita irinka."

Amma in Nan-take ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa, za ka gan shi ya tsallako da fanel a bayansa kamar mai ɓoye wa uwarsa abu. Lauya kuma in idonsa ya gaza a kan liƙi mai ƙanƙanta, sai ya ƙwala kira, "Kai mai tsintsiya, zo ka ara mini idonka."

To, injina ya tsaya ne ranar wata Asabar, ina tsakiyar ɗinkin bajen rigar wata makaranta. Fuskarsa ta cika da rubutu, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na kashe na kunna har sau biyar. Ni kuwa na san abin da ke cikinsa. Bajen makarantu, tambarin ƙungiyoyin ƙwallo, na direbobi, na masu gidajen abinci, furannin da mata ke dawowa nema da lambarsu. Kowanne ni na zauna na fitar da shi ɗinki bayan ɗinki, a kwamfutar da ta mutu shekara uku da suka wuce. Ba su a ko'ina sai cikin injin nan. Idona kuma yanzu ba irin na da ba ne, ba zan iya sake rabinsu ba. Ga makarantu za su koma nan da sati uku.

Lauya ya sha yi mini magana a kan in kwafe su. Har ɗan filas, abin nan na ajiye bayanai, ya saya ya ba ni da hannunsa. Na ba 'yata ta sa aikin makarantarta.

Bai ce mini "na faɗa maka" ba. Kallona kawai ya yi ta saman tabarau, wanda ya fi zagi ciwo. Ya zare fanel ɗin, ya kai teburinsa, ya liƙa masa siraran wayoyi ya haɗa da tsohuwar kwamfutarsa. Rubutu ya fara zubowa.

"Ka ji abin da yake cewa?"

"Ni na iya yarenku ne?"

"Cewa yake ɗaki sittin da uku sun mutu. Huɗu na san su, na kamfani ne. Amma hamsin da tara a ɗan lokaci haka? A'a. Ko annoba aka yi." Ya juyo. "Kwanakin nan, in injin ya ɗauki gudu, hasken fuskarsa yana ɗan lumshewa?"

"Eh, kamar wata biyu ke nan."

"Kuma bango ɗaya ne tsakaninmu, ba ka faɗa mini ba."

"Na ɗauka gyangyaɗi ne irin na tsufa. Kai ma ai kana yi."

Ya ɗauko madubin ƙara girma ya bi fanel ɗin a hankali, sai ya nuna mini wani abu kamar ɗan mitsitsin gwangwani, kansa ya kumbura.

"Ga mai laifin nan. Kafasita. Aikinta ta riƙe wuta ta tsaya daidai, ita kuma ta gaji. Duk sanda wuta ta yi ƙasa inji na cikin ajiye kaya, ajiyar ba ta tafi daidai ba, sai ya ɗora wa ɗakin laifi, ya sa masa alama ya rufe. Da kayanka a ciki."

Kafasitar a minti biyar ya canza ta. Na ce to alhamdu lillahi, a mayar. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai yanzu aka fara zama. Sai an bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya an kwashe abin da ke cikinsu, a jera a kwamfuta, sannan a zuba a sabon memori.

Kowane ɗaki sau tara yake karanta shi. Ya ce shaidu tara ke nan. In duk suka faɗi abu ɗaya, ɗaki ya fita, a rubuta lambarsa a littafi. In suka saɓa, sai ya bi layi-layi ya ɗauki abin da mafi yawansu suka yarda da shi. Masu gardamar kuma ya ce sun fi faɗin gaskiya da safe, kafin shago ya ɗauki zafi, don haka awa biyu kawai yake ba su a rana. Ga kuma ayyukan mutane.

Nan-take ya leƙo a rana ta uku. "Yaya Mai Zare, kawo shi nan. Minti ashirin, ka koma ɗinkinka."

"Da zanukana?"

"To... inji dai zai tashi."

"Ka ji ko," in ji Lauya, bai ko ɗago ba. "Aiki ya yi kyau, marar lafiya ne dai bai farka ba."

Ba zan ɓoye ba, a kwanakin nan na dame shi. Ina shiga ina fita, ina tambayar saura nawa. Masu makarantu suna kirana, ni kuma ina sauke masa. Akwai ranar da na ce masa da gangan yake jan abin don ya rama filas ɗinsa. Ya ce, "Da ramuwa nake so, da na miƙa wa na gaban can." Ya turo mini gyaɗa. Wannan maganar tawa tana cikin abubuwan da nake so a ce ban faɗa ba, ko da yake na san kafin in fita ƙofa ya manta da ita.

Zuwa ranar Litinin ya wanke ɗaki arba'in da takwas, saura goma sha ɗaya. A cikin waɗannan ne jerin zanukan yake, wanda ke faɗa wa inji inda kowanne ya fara da inda ya ƙare. In babu shi, abin da aka kwaso tarin zare ne kawai da ba a san bakinsa ba. Ranar Talata Alƙali ta kira ni.

Ba zan yi dogon bayani a kan kwanakin da suka biyo baya ba. Mun kai shi, mun dawo. Mutanen da ban taɓa gani ba suka yi ta zuwa, wannan ya ce famfonsa, wancan ya ce sikelinsa. Har wani tsoho ya zo da sanda, ya ce shi ne mai gidan biredin nan. Na so in tambaye shi maganar tokare ƙofa, sai kawai na miƙa masa hannu muka gaisa. Injina kuwa ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Rana ta huɗu na ce bari in leƙa shago. Ina shiga layin na hango ƙofar Lauya a buɗe, fitilar teburinsa a kunne. Na san ba shi ba ne, amma sai da zuciyata ta yi tsalle.

Nan-take ne a kujerar Lauya, idanu jajir. Ashe zuwa ya yi wurin Alƙali ya karɓi makulli, ya ce zai ƙarasa duk aikin da ke shagon, kada a ce tsoho ya tafi ya bar kayan mutane a warwatse. Tun safe ya gama bakwai. Na takwas ne a gabansa, haɗe da kwamfutarsa. Na gane shi da sabuwar kafasitar nan mai shuɗin kai.

"Yawwa Yaya, gara da ka zo. Minti ashirin. Yau za ka yi ɗinki."

Yatsansa na kan maɓalli. Ban san sanda na tsallake kwalin da ke ƙasa na riƙe masa wuyan hannu ba.

"Ya ce kada a share."

"Yaya, ba tef a jikinsa." Ya nuna mini kanta. Fanel biyar ne jere, kowanne da farin tef. "Duk mai tef na ajiye gefe, ban taɓa ba. Wallahi ko da wasa ba zan tsallake rubutunsa ba. Wannan na ɗauka ya gama kwashewa ne."

Gaskiyarsa ne. A duk shagon nawa ne kaɗai Lauya bai manna wa komai ba, don ni da baki ya faɗa mini, yammacin Litinin, muna rufe shago. Na gaya wa Nan-take haka. Ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a kansa.

"Saura ƙiris," ya ce. "Yaya, saura ƙiris in kashe ka in kashe shi."

Muka nemo littafin a aljihun tebur, ƙarƙashin kofinsa na ƙarfe da ya liƙe wa hannu da dalma. Shafin na ƙarshe an rubuta "Injin Mai Zare" a sama. Layi biyu ya ja. Ɗaya "An wanke", lambobi arba'in da takwas. Ɗaya "Ana sauraro", goma sha ɗaya. A ƙasa ya rubuta yadda ake yi dalla-dalla: a karanta sau tara, da safe, a bi mafi rinjaye. Sabon memori na cikin gidan ashana. Shi ma ya zo da matattun ɗaki biyu daga kamfani, ga lambobinsu, a tsallake su. Can gefen shafi kuma, da ƙananan baƙi, ya ƙara: "Ko Nan-take zai iya wannan, in aka ɗaure shi a kujera."

Nan-take ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya fashe da dariya, hawaye na zuba har kan littafin.

"Ka ji tsohon nan! Har a littafi bai ƙyale ni ba." Ya share fuska da hannun riga. "To Yaya, nemo igiya."

Safiya shida ya yi. Bakwai daidai yake zuwa, mutumin da a da sai tara ta wuce ake ganin ƙeyarsa. Ni ne mai kawo shayi da riƙe biro. Yana yi yana mita.

"Sau tara! Wa ya ce masa tara? Me biyar ta yi?"

"Yi tara."

"Ina yi ai. Ina faɗa ne kawai."

A rana ta uku na shigo na same shi ya sunkuya kan fanel yana cewa, "Haba ɗan'uwa, faɗi gaskiya mana, ba wanda zai taɓa ka." Da ya gan ni ya gyara zama ya ce tari ne ya kama shi.

Ɗaki tara suka fita, har da mai jerin zanukan. Biyu kuwa sun mutu da gaske, shaidu tara kowa da abin da yake faɗa. Nan-take ya so ya ƙara musu kwana, ni na ce ya isa, Lauya ma bai taɓa cewa kowa zai fita ba. Ya cire tsohon memorin da wannan idon nasa mai kyau, ya ɗora sabon, ya tsallake ɗakuna biyun da littafi ya ce, ya zuba komai. Muka mayar da fanel, muka kunna. Injin ya yi ɗan kukansa na gaisuwa, jerin ya fito. Ɗari uku da ashirin da shida. Goma sha huɗu sun tafi, yawancinsu na ƙungiyoyin ƙwallon da tuni suka watse. Bajen makarantu duk suna nan.

Nan-take ya sa tsohon memorin a gidan ashana, ya manna masa farin tef, ya rubuta KADA A SHARE, ya miƙo mini. Sannan ya zaro filas biyu daga aljihu ya ce ba zai bar shagon ba sai na kwafe a gabansa.

Da yamma Alƙali ta zo ɗaukar kofin Lauya da tabarau. Ta ce Nan-take ya biya ta gida ya gyara fankar nan a minti goma, yanzu falon ya yi tsit, ba ta san ko ta gode ko ta ce ya mayar da ita yadda take ba. Sai ta buɗe jakarsa, wadda ke cinyarsa a safiyar nan, ta zaro riga a ninke.

"Wannan na san kai zai kawo wa."

Farar rigarsa ce ta ranar Litinin, da sabuwar ƙuna ƙasa da aljihu. Na ɗaura ta a inji, na sa koren zare, na kira zane lamba ɗaya. Ganyen ya fito, gefe da gefe, da jijiyarsa ta tsakiya. Da aka zo kan ɗan karan da ke ƙasa sai allura ta yi tsalle ta tsaya. Ashe wannan ɗan guntun yana cikin ɗakunan da suka mutu. Na ɗauki allurar hannu na ƙarasa shi, ɗinki bakwai. Karan bai miƙe sosai ba. Alƙali ta ce in bar shi haka.

Yammacin Litinin ɗin nan, wajen biyar da rabi, na riga na rufe nawa shagon na tsaya a ƙofarsa. Yana naɗe wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar kullum, kamar ba mai jiransa.

"Saura nawa?" na ce.

"Goma sha ɗaya. Masu taurin kai ne, sai da sanyin safiya."

"Kai da su ban san wa ya koya wa wani ba."

Ya rufe fanel ɗin da ƙyalle ya kashe fitila. "Mai Zare, kada ka bari kowa ya share shi. Ko an ce maka minti ashirin ne."

"To ka manna masa tef ɗinka mana, kamar na kowa."

"Tef na baƙi ne. Kai ne tef ɗin."

"Wa ma zai taɓa shi alhali kana nan?"

"Na dai faɗa maka." Ya duba gaban rigarsa, ya sa ɗan yatsa a ramin, ya yi tsaki. "Ka tanadi koren zarenka, na sake ƙona riga. Kada Alƙali ta ji."

"Sai ka gama mini injina tukuna."

"Ka ga ke nan ni ma ina da kaya a ɗakunan nan. Sai da safe, Mai Zare."

"Allah ya kai mu."